JIRGIN DA KE SHIGA AKWATI

Jawabin matasa maƙeran jirgi a taron ƙarshen shekara na ƙungiya, Sabon Ibadan

 

  

Ga akwati nan a kan tebur. Tun da muka shigo da shi muke jin ana raɗe-raɗe, wasu na cewa ko lefe ne. To, ba a kai ga lefe ba tukuna, sai dai ku taya mu da addu'a. Jirgin sama ne a ciki, ƙarami, mai aiki da batir, wanda ake tuƙa shi daga ƙasa da rimot. Mu huɗu muka ƙera shi: mai gyaran rediyo da waya, da kafinta, da tela, da ɗalibi guda da ke karatun injiniya a Kwalejin Fasaha ta Ibadan.

Jama'a za su tuna, shekara biyu da suka wuce ƙungiya ta ciro kuɗi daga asusun matasa ta ba mu don wannan aiki. A ran nan wani dattijo ya miƙe ya ce kuɗin da za a saya wa marayu littattafai ne ake neman a watsa a iska. Ba mu ji daɗi ba a lokacin, amma gaskiya ya faɗa, don kuɗin jama'a amana ne. Shi ya sa yau muka zo mu yi bayani. Rasidai duk mun miƙa wa ma'aji, zai karanta lissafi bayan mun zauna. Mu namu shi ne mu faɗi abin da muka yi da kuɗin, da ɓarnar da muka yi, da abin da muka koya.

ME YA SA SAI AKWATI?

Mu mutanen Sabo masu gida biyu ne. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916 kakanninmu ke kan hanya, shanu su gangaro, goro ya haura. Mu ma da Sallah ta ƙarato sai tasha. Burinmu tun farko shi ne mu yi jirgin da za mu tashe shi a nan, mu kuma tafi da shi gida ƙasar Kano, yaran ƙauyenmu da ba su taɓa ganin jirgi ba sai ɗigo a sama su gan shi a kusa, su taɓa da hannunsu.

Jirginmu na farko fiffikensa ɗungurungum ne, tsawon santimita 150, ba ya rabuwa. Ya tashi lafiya a nan Ibadan. Da tafiya ta zo muka naɗe shi a tabarma, muka roƙi yaran mota su ɗora shi a saman kaya. Sun ɗora kuwa. Amma a hanya aka ƙara lodi, buhunan garin rogo da jarkokin manja. Da muka sauka muka warware tabarma, abin da muka gani ba ya faɗuwa. Aikin wata uku ya koma gutsattsari kamar an daka a turmi. Ba laifin kowa ba ne sai namu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai da jirgi ya gama ƙeruwa sannan muka fara tunanin yadda za a ɗauke shi.

Da muka dawo, wani tsohon bafatake a nan unguwa ya ji labari ya yi dariya. Ya ce, “Ku yara, mai goro ai huhu yake fara tanada kafin ya sayi goro.” Wannan magana ita ce ta juya mana aikin duka. Karo na biyu ba mu fara da zanen jirgi ba, da akwati muka fara. Muka nemo wanda mutum zai iya ɗora shi a cinya a cikin mota ko ya tura shi ƙarƙashin kujera. Cikinsa tsawo santimita 65, faɗi 30, zurfi 22. Muka yanke wa kanmu hukunci: duk wani ɓangare na jirgin da ya wuce santimita 62, to, ba namu ba ne.

AWO DA LISSAFI

Kafin mu ci gaba, bari mu amsa tambayar da iyaye mata suka fi yi mana: me ke riƙe shi a sama? Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu, ya ɗan ɗaga gaban tafin, ya ji iska na cira hannun sama. Haka fiffike yake. Samansa na da ɗan doro, gabansa a ɗan ɗage, idan yana ratsa iska sai ya karkatar da ita ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Siffar da muka bi sunanta Clark Y, wani Ba'amurke mai suna Virginius Clark ya zana ta a 1922. Ƙasanta a shafe yake kamar allo, don haka ana iya haɗa ta a kan teburin kafinta ba tare da ta karkace ba.

Fiffike biyu muka yi, dama da hagu, kowanne santimita 60. In an haɗa su 120 ke nan, faɗinsu kuma 22. Idan aka ninka 120 da 22 za a sami 2,640. Jirgin duka, da batir da komai, giram 900 ne, wato bai kai kilo ɗaya ba. Kun ga ke nan kowane ɗan fili na fiffike mai santimita 10 tsawo 10 faɗi yana ɗauke da giram 34. Wannan lamba ita ce ran lissafin. In ta yi yawa, dole jirgi ya yi gudu sosai kafin ya tsaya a sama, kuma da gudu zai sauka, mai koyo ba zai iya da shi ba. In ta yi kaɗan ƙwarai, iska ta riƙa wasa da shi kamar leda. Namu yakan riƙe kansa a gudun da bai wuce kilomita 30 a awa ba, kamar mai keke da ya matsa feda.

Gangar jikin mun raba ta biyu. Gaba ɗan kwale-kwale ne mai santimita 45, a nan batir da kayan wuta suke. Baya sanda ce siririya mai santimita 50 wadda ke ɗauke da wutsiya. Kada kowa ya raina wutsiya. Masu tarihi sun kawo labarin Abbas ɗan Firnas, masanin Kurɗuba ta Andalus a ƙarni na 9, wanda ya yi wa kansa fukafukai ya tashi, amma ya ji ciwo wajen sauka, suka ce don bai yi wa kansa wutsiya ba. Shimfiɗaɗɗiyar wutsiyarmu santimita 40 ce da 14, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fiffike. Noti biyu na roba ke riƙe ta, a kwance su ta fito.

Da me muka yi jikin? Da farin abin nan mara nauyi da ke zuwa cikin kwalin firji da talabijin, mu dai busasshen kumfa muke ce masa. Mun yanka shi da wayar tsohuwar hita, a ɗaure ta tsam a ba ta wuta kaɗan, ta ratsa shi kamar wuƙa a man shanu. Tela ya lulluɓe shi da faffaɗan salatef ba ko tattara ɗaya, sama ruwan ɗorawa, ƙasa ja, don in yana nesa a gane cikinsa da bayansa. Kafinta ya sa siririn filawud inda inji zai zauna da inda fiffike zai hau.

GAƁA ITA CE MATSALA

Jama'a, duk wahalar jirgin tafiya a gaɓoɓinsa take. Duk inda ka raba abu biyu, ka ƙara masa nauyi, ka kuma buɗe wa karaya ƙofa. Mun auna, gaɓoɓin nan sun ci mana giram 90, wato ushirin nauyin jirgin. Shi ne kuɗin motar da jirgi ke biya don ya shiga akwati.

A nan ne muka yi ɓarna ta biyu. Mun haɗa fiffiken dama da na hagu da guntun bututun eriyar talabijin, don ba shi da nauyi. A hannu ya yi ƙarfi. Amma jirgi a sama ba nauyinsa kaɗai fiffike ke ɗauka ba. In ya kishingiɗa digiri 60 yana shan kwana, nauyin da ke kan fiffike yakan ninka biyu. In ya sulalo ƙasa aka fizgo shi sama, ya kai ninki uku ko huɗu. Ranar gwaji matuƙinmu ya fizgo shi, sai muka ga fukafukan sun haɗe sama kamar mai tafi, jirgi ya faɗo ta ka. Inji ya lanƙwashe, batir ya kumbura. Daga kuɗin ƙungiya muka sake sayen su, yana cikin lissafin da za a karanta, ba mu ɓoye ba.

Yanzu sandar kabon ce mai kaurin milimita 8, irin baƙar sandar da ake yin kibiyar zamani da sandar kamun kifi da ita. Tana shiga cikin kowane fiffike santimita 15. Kuma ba ma yarda da gwajin hannu. Mukan kifa jirgin, mu jera ƙullin yashi a kan fukafukai har kilo 2.7, wato ninki uku na nauyinsa. In bai ce uffan ba, sannan a fita fili.

Ga wasu dabaru uku da akwati ya koya mana. Na ɗaya, ba mu sa wa jirgin tayoyi ba. Da hannu ake cilla shi, da ciki yake sauka a kan ciyawa. Tayoyi cin wuri ne, kuma a ƙauye ina titin da zai yi gudu? Na biyu, tun da da ciki zai sauka, sai muka mai da inji da farfela bayan fiffike, suna tura shi maimakon ja. Ko ya daki ƙasa da hanci, kumfa ce za ta lotse, farfela na nan lafiya. Na uku, ba mu sa waya ko ɗaya a cikin fiffike ba. Mun ɗaga bakin kowane fiffike santimita 5 sama da gindinsa. Wannan ɗagawa kan sa jirgi ya daidaita kansa in ya karkace, kuma da sitiyarin wutsiya kaɗai yake shan kwana. Abin da ba ka sa ba, ba zai tsinke maka a hanya ba.

Sai batun gam. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da 'yar bindiga yana da sauri, amma zafi na sassauta shi, kuma kowa ya san yadda cikin mota ke zama da azahar tsakanin Jebba da Mokwa. Sufagulu kuwa cinye kumfa yake yi. Don haka duk gaɓar da ke ɗaukar nauyi, gam mai haɗi biyu muka sa, irin Araldite.

KAYAN WUTA

Waɗannan su ne ba mu iya ƙerawa, sai da muka saya. Akwai inji, ɗan ƙarami kamar gwangwanin tumatir na ƙanana, giram 50, marar gawayi a ciki, ba kamar na injin niƙa ko janareto ba. An rubuta 1400 a jikinsa, ma'ana juyi 1,400 a minti kan kowane bolt in ba a ɗora masa komai ba. Farfelarsa inci 8. Akwai regileta, wadda aikinta kamar na regiletar fanka ne, ta ƙara wuta ta rage. Injin kan ja wajen amfiya 13 in an taka shi duka, amma muka sayi regileta mai ɗaukar 30, don kada ta yi zafi. Akwai risiba mai karɓar umarni daga rimot. Sannan akwai 'yan aike guda biyu, giram 9 kowanne, ɗaya na juya sitiyari, ɗaya na ɗaga marfin hawa da sauka. In kun je saye, sunansu sabo, kamar dai unguwarmu. Mun dasa su a jikin sandar wutsiya, don in za a raba jirgin waya kawai za a zare, saiti ba ya taɓuwa.

Rimot ɗinmu na aiki a kan zangon gigahaz 2.4. A da can, in mutum biyu suka kunna rimot mai zango ɗaya a fili guda, jiragensu rikicewa suke. Daga wajen 2005 aka samu irin wannan da ke ƙulla zumunci da risibarsa shi kaɗai. Ƙa'idarsa: rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe. In ana gyara a kan tebur, a cire farfela. Mai gyaran rediyonmu na da tabo a yatsa, duk mai shakka ya je ya gani.

Tashi da batir ba sabon abu ba ne. Tun 1957 wani Kanar Taplin ya tashi jirgin rimot mai batir a Ingila. Abin da ya hana shi yaɗuwa nauyin batir ne. Sai da batirin litiyam ya shigo kasuwa a 1991, daga baya irinsa mai laushi da ake kira lifo ya iso hannun masu wannan sana'a, sannan abin ya zo inda talaka zai taɓa.

INDA NAUYI YA TSAYA

Akwai gwaji guda da ba ya cin ko kwabo, amma shi ke raba jirgi da gawa. Bayan an haɗa komai, a sa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, dama da hagu, a ɗaga. Wurin da ya kamata ya tsaya cak shi ne tsakanin rubu'i da sulusin faɗin fiffike daga gaba. A namu, santimita 6 da rabi. In hanci ya rinjaya kaɗan, jirgi zai tashi, sai dai da nauyin jiki. In wutsiya ce ta rinjaya, to, doki ne marar linzami, ba matuƙin da zai iya masa. Jirgin da ake warwarewa ana haɗawa ya fi kowanne shiga wannan hatsari, don batir na iya zama gaba yau, gobe baya. Saboda haka muka yi wa batir gurbi daidai jikinsa, muka kuma manna ƙwayar tasbaha biyu a ƙarƙashin fiffike a daidai wurin. Ko da ido rufe yatsa zai same su.

BATIR BA ABIN WASA BA NE

Iyaye, a nan muke roƙon ku kasa kunne, don irin wannan batir na iya shigowa gidajenku. Namu ɗaki uku ne, kowane ɗaki bolt 3.7, jimla 11.1. In ya cika, kowane ɗaki 4.2 ne, kada a wuce. Kada kuma a tsotse shi ƙasa da 3.3. Ƙarfinsa 2,200, nauyinsa giram 180, yakan ba mu minti 15 a sama mu sauko da saura. Cajinsa wajen awa ɗaya, da cajarsa ta musamman mai daidaita ɗakunan. Cajar na aiki da batirin mota, don haka rashin wutar Nepa a ƙauye bai dame mu ba.

Amma in aka huda shi, ko ya sha caji fiye da kima, ko wayoyinsa biyu suka haɗu, wuta yake kamawa mai wuyar kashewa. Gidajenmu na Sabo kuwa a manne suke da juna. Don haka dokarmu ita ce: a cikin tukunyar ƙasa mai yashi ake cajinsa, a tsakar gida, mutum na zaune a wurin. Ba a caji a ɗaki, ba a caji a tafi masallaci, ba a caji a kwanta barci. Wanda ya kumbura ya gama aiki. In za a yi tafiya, a rage shi zuwa 3.8 kowane ɗaki, a naɗe bakin wayarsa da salatef, a riƙe shi a jakar hannu, ba a but kusa da jarkar fetur ba. Masu hawa jirgin sama ma haka dokar take: batirin litiyam da ba ya cikin na'ura ba a sa shi a kayan awo, sai a jakar hannu, kuma iyakar da aka saba yarda da ita wat-awa 100 ce. Namu 24 ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

HANYA DA HUKUMA

Bara da Babbar Sallah muka ɗauki akwatin nan muka kama hanya. A wani shinge aka sauke fasinjoji aka ce kowa ya buɗe kayansa. Ku dubi abin da jami'i ya gani: samari huɗu Hausawa, da akwati cike da wayoyi da batir da rimot mai eriya. A halin da ƙasa take ciki, ko mu ne a tsaye a wurin da gabanmu ya faɗi. Aka ware mu gefe. Direba ya fara ƙunƙuni, fasinjoji na harararmu.

Abu uku suka fitar da mu, da ikon Allah. Takardar da ƙungiya ta rubuta mana mai hatimin Sarki, da rasidan kaya, da kuma cewa jirgin ba ya ɗauke da kyamara. Babbansu ya ce in da gaske jirgi ne mu haɗa ya gani. A minti 10 muka haɗa shi a bakin titi. Ya ɗaga ya jinjina, ya tambaye mu me ke riƙe shi a sama, muka ba shi labarin hannu da tagar mota. Bayan awa biyu aka sallame mu. Ba mu riƙe kowa a rai ba, aikinsu suka yi.

Amma darasi ne. A watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta ba da sanarwar hana tashin jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. Mu baƙi ne a garin mutane, abin da ɗan gari zai yi a ce ƙuruciya, mu in mun yi sai a ce Hausawa. Kuskuren yaro ɗaya na iya jawo wa unguwa duka magana. Don haka ba ma kusantar filin jirgin Alakia ko bariki ko gidan gwamnati, ba ma bi ta kan gidaje ko kasuwa ko taron jama'a, ba ma wuce ƙafa 400 a sama, ba ma barin jirgi ya ɓace wa ido. Kuma ba ma tashi a fili sai mun gaida masu filin mun nemi yardarsu.

RANAR DA YA TASHI A GIDA

Washegarin Sallah da sassafe, kafin iska ta taso, muka fita filin makarantar firamare da izinin mai gari da hedimasta. Iskar arewa in rana ta take ta fi ta nan zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, ba ta ɗaukar fiffike sosai, shi ya sa muka yi sammako. Muka gwada rimot daga nesa, muka ɗora jirgi a kan yatsu, muka fuskanci inda iska ke busowa, aka yi bismillah aka cilla.

Ya tashi. Ya zagaya kukar bayan makaranta sau uku, shirwa biyu suka biyo shi suna duba baƙo. Yara suka yi tsit, sannan suka ɓarke da ihu. Da ya sauka a kan ciyawa, wata yarinya 'yar aji biyar ba ta tambayi nawa aka saye shi ba, cewa ta yi, “Yaya, don me bakin fiffiken ya ɗaga sama?” Mun fi awa muna amsa tambayoyi. A ƙasar Kano ne jiragen sojan Ingila uku suka sauka a Nuwamban 1925, mutane suka fito kallo. Kusan shekara ɗari muna kallo. A wannan safiya dai yara sun ga wanda ɗan'uwansu tela ya lulluɓe da hannunsa.

ROƘONMU

Mun san za a ce, to, wannan zai ciyar da wa? Ba za mu yi alkawarin abin da ba mu da shi ba. Abin da muka sani shi ne, 'yan'uwan nan biyu, su Wright, da suka tashi jirgi a Amurka ran 17 ga Disamba 1903, masu gyaran keke ne, kuma daƙiƙa 12 tashin farko ya yi. Kwalejin koyon tuƙin jirgi da gyaransa na nan a Zariya tun 1964. A 2018 sojojin saman Nijeriya suka ƙaddamar da jirginsu marar matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna. A 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magani da jini asibitoci a Jihar Kaduna da ƙananan jirage masu batir. Duk waɗannan wurare mutane ne ke aiki a cikinsu, kuma lissafin da suke yi yayan wanda muka yi muku yanzu ne. A nan unguwa, yara bakwai ke zuwa shagonmu kowace Asabar. Biyu daga cikinsu da lissafi ke ba su tsoro, yanzu su ke auna mana fiffike su ninka su raba.

Don haka roƙonmu uku ne, kuma babu kuɗi a ciki. Na ɗaya, shugabanni su shige mana gaba wajen neman izinin hukuma a rubuce da sunan ƙungiya, kada kowane yaro ya yi gaban kansa. Na biyu, Allah ya ja zamanin Sarki, a yi mana magana da shugabannin maƙwabtanmu Yarabawa a kan fili, kuma 'ya'yansu su zo mu koya tare, don abin da aka yi a gaban idon maƙwabci ba ya zama abin zargi. Na uku, a ba mu aron ɗakin ƙungiya ranar Asabar daga hantsi zuwa azahar, iyaye su bar yara maza da mata su zo, da sharaɗin ba wanda zai tafi gida da batir.

Game da kuɗin da muka ɓarnatar a faɗuwar jirgi na biyu, mu huɗu mun yi shawara za mu mayar da shi asusun marayu daga aljihunmu, kaɗan-kaɗan, kafin azumi. Baba da ya yi magana a wancan taro, mun gode, maganarka ce ta sa muke auna komai sau biyu. Muna roƙon ka taso ka buɗe akwatin da hannunka, wani ya duba agogo, mu haɗa shi a gaban jama'a. Gani ya kori ji. Ba za mu tashe shi a nan ba, kuma farfelar na aljihun kafinta.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya haɗa kanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya shiryi zuriyarmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya ya dawo da su lafiya.